Kuɗin shigar jihohin Nijeriya: Abin da ke sa su hawa da sauka

A kowane wata kwamishinonin kuɗi na jihohin Nijeriya 36 kan hallara, galibi a Abuja, domin zaman kwamitin rabon kuɗaɗen asusun tarayya, wanda aka fi sani da FAAC.

Abin da aka raba a wannan zama shi ne ke nuna ko malamin makaranta a Gusau ko ma'aikaciyar jinya a Damaturu za su sami albashi a kan kari, da kuma ko ɗan kwangilar da ke gina hanya zai ci gaba da aiki ko zai kwashe kayansa.

Ga mafi yawan jihohin, wannan kaso na wata-wata shi ne ƙashin bayan kasafin kuɗinsu. Sai dai kuma kuɗi ne da ba su da tabbas, saboda suna bin farashin ɗanyen mai a kasuwannin duniya, da yawan man da ƙasar ta haƙo, da darajar naira, waɗanda duk ba su cikin ikon wani gwamna.

Hanyoyin samun kuɗi

Jihohin Nijeriya na samun kuɗi ne ta manyan hanyoyi huɗu.

Ta farko ita ce kason da suke samu daga asusun tarayya, inda ake zuba kuɗaɗen man fetur da iskar gas, da harajin kamfanoni, da kuɗin fito da hukumar kwastan ke karɓa.

Ta biyu ita ce kasonsu na harajin kayayyaki da ayyuka, wato VAT, wanda hukumar tarayya ke tarawa sannan a raba.

Ta uku ita ce kuɗaɗen da kowace jiha ke tarawa da kanta, kamar harajin albashin ma'aikata, da harajin 'yan kasuwa da masu sana'a, da kuɗin rajistar motoci, da kuɗin filaye, da tarar kotuna.

Ta huɗu kuwa ita ce rance, daga bankunan cikin gida ko daga hukumomi irin su Bankin Duniya, tare da gudummawar da akan samu daga ƙasashen waje.

Kowace daga cikin waɗannan hanyoyi tana da yadda yanayin tattalin arziki ke taɓa ta. Abin da ke bambanta jiha da jiha shi ne wace hanya ta fi jingina da ita.

Yadda ake rabon

Sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 shi ne ya kafa asusun tarayya, ya kuma ɗora wa hukumar tsara rabon arzikin ƙasa, RMAFC, alhakin ba da shawara kan ma'aunin rabo.

Bisa ma'aunin da aka tsayar a shekara ta 2004, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi su sami kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma kashi 20.60.

Kafin a kai ga wannan rabo, akan fara cire kashi 13 cikin 100 na kuɗaɗen ma'adinai a bai wa jihohin da aka haƙo su. Jihohin Delta da Akwa Ibom da Ribas da Bayelsa su ne ke samun mafi tsoka a nan.

A tsakanin jihohin kuma, ana raba kashi 40 cikin 100 daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 10 bisa faɗin ƙasa da yanayinta, kashi 10 bisa buƙatun ci gaban jama'a kamar ilimi da lafiya, sauran kashi 10 kuma bisa ƙoƙarin da jiha ta yi wajen tara nata kuɗin.

Wannan tsari ya sa ko jihar da ba ta da masana'anta ko ɗaya tana da abin da za ta samu a ƙarshen wata. Amma kuma ya sa duk girgizar da ta sami kasuwar mai takan isa dukkan jihohin a lokaci guda.

Daga jangali zuwa man fetur

Ba haka abin yake ba tun asali. A zamanin En'e, baitulmalin kowace masarauta a Arewa ya dogara ne kan harajin da magidanta ke biya da kuma jangalin da ake karɓa a kan shanu.

Waɗannan haraji ba su cika sauyawa daga shekara zuwa shekara ba, domin a kan mutane da dabbobi ake yanka su. Amma wannan rashin sauyawa shi ne ya sa suka zama ƙangi ga talaka a shekarun fari da yunwa, lokacin da ake neman kuɗi daga wanda gonarsa ba ta ba da komai ba.

Gwamnatocin jihohin wancan zamani kuma sun dogara da hukumomin cinikin amfanin gona, waɗanda aka mayar hannunsu a shekara ta 1954: gyaɗa da auduga a Arewa, koko a Yamma, manja da ƙwara a Gabas.

Tsarin mulkin lokacin samun 'yancin kai ya bai wa yankin da aka haƙo ma'adinai rabin kuɗin hayar ƙasa da na haƙƙin mallaka. Gwamnatocin soja sun yi ta zabtare wannan kaso, ya koma kashi 45 a 1970, kashi 20 a 1975. A farkon shekarun 1980 ya sauka zuwa kashi 1.5, kafin tsarin mulkin 1999 ya ɗaga shi zuwa 13.

A daidai wannan tsakanin ne aka yi ta ƙirƙiro jihohi: 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996. Yawancin sababbin jihohin an kafa su ne da tunanin cewa kuɗin mai zai ɗauki nauyinsu.

Bunƙasar farashin mai daga 1973, tare da fari da cutar da ta lalata gyaɗa a tsakiyar shekarun 1970, sun kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano. A shekara ta 1979 kuma gwamnonin jam'iyyar PRP, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, matakin da talakawa suka yi maraba da shi.

Daga nan ne hulɗar kuɗi tsakanin talaka da gwamnatin jiharsa ta yi rauni, idanu suka koma kan abin da ke zuwa daga babban birnin ƙasar.

Farashin mai da yawan da ake haƙowa

Babu wani kaya da farashinsa ke hawa da sauka da sauri kamar ɗanyen mai.

A watan Yulin 2008 ganga ɗaya ta kai kusan dala 147, amma kafin ƙarshen shekarar ta faɗo ƙasa da dala 40 sakamakon rikicin kuɗi da ya dabaibaye duniya.

A tsakiyar 2014 ana sayar da ganga a kan sama da dala 110. Zuwa watan Janairun 2016 ta koma ƙasa da dala 30. A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, ta sauka ƙasa da dala 20.

Tattalin arzikin Nijeriya ya shiga karaya a 2016, ya sake shiga a 2020, kuma a duka lokutan biyu faɗuwar farashin mai na cikin manyan dalilai.

Farashi kaɗai ba ya isa idan ba a haƙo man ba. A 2016 hare-haren da 'yan bindiga suka kai kan bututai a yankin Neja Delta sun rage yawan man da ake fitarwa ƙwarai. A 2022 kuma satar mai da fasa bututai sun sa abin da ƙasar ke haƙowa ya sauka ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana a wasu watanni, alhali a baya takan haura miliyan biyu.

Shekara ta 2022 ta nuna wani abu kuma. Farashin mai ya haura dala 100 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukraine, amma jihohi ba su ga ribar hakan sosai ba, domin kamfanin mai na NNPC ya riƙa cire kuɗin tallafin fetur tun daga tushe. Tallafin ya lashe sama da naira tiriliyan 4 a wannan shekara.

Ko jihohin da ke da arzikin man ma ba su tsira ba. Jihar Kuros Riba ta rasa rijiyoyin mai 76 bayan miƙa yankin Bakassi ga Kamaru da hukuncin kotun ƙoli na 2012, abin da ya raba ta da kason kashi 13 da take samu.

Rikicin albashi na 2015

Illar wannan dogaro ta fito fili a 2015 da 2016. Kason jihohi ya ragu matuƙa, alhali albashi da fansho da biyan bashi suna nan yadda suke.

Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana a lokacin cewa jihohi 27 daga cikin 36 na fuskantar wahalar biyan albashi. A jihar Osun an koma biyan manyan ma'aikata rabin albashi, a jihohi kamar Binuwai da Kogi kuma ma'aikata sun yi watanni suna bin bashi.

Gwamnatin tarayya ta shigo da tallafin ceto: babban bankin ƙasar ya samar da rancen biyan albashi na sama da naira biliyan 300, aka kuma mayar da basussukan da jihohi suka ci a bankunan kasuwanci zuwa takardun lamuni masu dogon wa'adi.

A 2016 an ƙara da wani rancen tallafa wa kasafin kuɗi, bisa sharaɗin jihohi su gyara yadda suke tafiyar da asusunsu. Daga baya kuma aka mayar musu da kuɗaɗen da aka cire fiye da ƙima wajen biyan bashin ƙungiyar Paris Club.

Waɗannan matakai sun kwantar da ƙura, amma yawancinsu bashi ne. Shekaru bayan haka an ci gaba da cire kuɗin biyansu daga kason jihohin tun kafin ya isa hannunsu.

Darasin da masana tattalin arziki suka fitar daga wannan lokaci shi ne, gwamnati kan faɗaɗa ɗaukar ma'aikata da ayyuka idan kuɗi sun yi yawa, amma ba ta iya rage su da irin wannan saurin idan kuɗin sun ja baya. Abin da ake fara yankewa shi ne ayyukan raya ƙasa, kamar hanyoyi da asibitoci da ajujuwa.

Ajiya domin ranar wuya

An taɓa gwada maganin wannan matsala. A 2004 gwamnatin shugaba Olusegun Obasanjo ta buɗe asusun rarar kuɗin mai, inda ake ajiye duk abin da aka samu fiye da farashin da aka tsara kasafin kuɗi a kansa.

Daga wannan asusu aka ɗauki wani ɓangare na kusan dala biliyan 12 da aka biya ƙungiyar Paris Club a 2005 da 2006 domin a yafe wa ƙasar sauran bashin. Duk da haka, a 2008 asusun na ɗauke da kusan dala biliyan 20, abin da ya rage wa jihohi raɗaɗin faɗuwar farashin mai a ƙarshen shekarar.

Sai dai gwamnoni sun ƙalubalanci asusun a kotun ƙoli, suna cewa tsarin mulki ya tanadi a raba duk kuɗin da ya shiga asusun tarayya. An yi ta ɗibar kuɗin ana rabawa ko da farashin mai na sama, shi ya sa lokacin da farashin ya faɗi a 2014 abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Zuwa tsakiyar 2022 abin da ke cikin asusun bai kai dala miliyan ɗaya ba.

A 2011 an kafa wata hukumar zuba jarin ƙasa da dala biliyan ɗaya domin ta maye gurbinsa bisa doka, amma abin da aka zuba mata bai kai yadda zai kare kasafin jihohi 36 daga babbar girgiza ba.

Guntun gatarinka

Hausawa na cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Jihar da ta fi nuna gaskiyar wannan magana ita ce Legas.

A 1999 jihar na tara kimanin naira miliyan 600 ne a wata. A 2004 gwamnatin tarayya ta riƙe kuɗaɗen ƙananan hukumominta saboda taƙaddama kan ƙirƙiro sababbi, ba a kuma saki sauran kuɗin ba sai a zamanin shugaba Umaru Musa 'Yar'adua a 2007.

A waɗannan shekaru jihar ta gyara hukumar harajinta, ta mayar da biyan kuɗi ta banki, ta kuma shigar da ɗimbin kamfanoni da ma'aikata cikin rajista.

Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, sun nuna cewa a 2023 jihohi 36 da Abuja sun tara kimanin naira tiriliyan 2.4 da kansu. Legas kaɗai ta tara sama da biliyan 800, wato kusan kashi ɗaya bisa uku. Jihohin Taraba da Yobe da Kebbi kuwa kowace ba ta kai biliyan 12 ba.

Legas na da abin da sauran ba su da shi: tashoshin jiragen ruwa, da hedikwatocin bankuna da manyan kamfanoni, da ɗimbin ma'aikata masu albashi a rubuce. Saboda haka fiye da rabin kuɗin shigarta daga cikin gida yake fitowa, kuma faɗuwar farashin mai ba ta durƙusar da ita kamar sauran.

A Arewa, jihar Kaduna ta haɗe dokokin harajinta wuri guda a 2016, ta hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu, ta kuma mayar da rajistar filaye kan kwamfuta. Abin da take tarawa ya tashi daga ƙasa da naira biliyan 15 a 2015 zuwa sama da biliyan 50 a 2020.

Raunin harajin albashi

Mafi girman kaso na kuɗin da jihohi ke tarawa da kansu yana fitowa ne daga harajin da ake cirewa a albashi tun kafin ma'aikaci ya karɓa. Dokar tarayya ce ke tsayar da ma'auninsa, jihohi kuma su karɓa.

Wannan haraji na da sauƙin tarawa, amma a jihohi da dama na Arewa yana da wani ɓoyayyen rauni: gwamnatin jihar da ƙananan hukumominta su ne manyan masu ɗaukar ma'aikata.

Ma'ana, albashin da ake cire harajin daga gare shi da kuɗin asusun tarayya ake biyan sa. Idan kason wata ya ragu aka kasa biyan albashi, harajin ma ba ya shigowa. Kuɗin da ake kira na cikin gida sai ya zama reshe ne na kuɗin mai.

Durƙushewar masana'antu ta ƙara ƙuntata wannan hanya. Masaƙun Kakuri a Kaduna, waɗanda suka ɗauki dubban ma'aikata, an rufe manyansu a shekarun 2000, haka kuma masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano sun tsaya saboda ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kayan waje masu araha.

Binciken hukumar NBS ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna cikin sana'o'in da ba su da rajista, kamar noma da kiwo da ƙananan kasuwanci. Kasuwanni irin su Kantin Kwari da Dawanau na juya maƙudan kuɗi, amma ƙiyasta ribar kowane ɗan kasuwa abu ne mai wuya.

Inda aka kasa yin haka, akan koma ga ƙananan kuɗaɗe barkatai a kan hanya da ƙofar kasuwa. 'Yan kasuwa da direbobi sun daɗe suna kokawa da cewa ana karɓar kuɗi iri-iri a kan kaya ɗaya, kuma ba duka ke isa baitulmalin gwamnati ba.

Zakka, wadda jihohi da dama suka kafa wa hukumomi bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999 da 2000, tana da mutanen da addini ya keɓe a ba su, don haka ba ta cikin kuɗin da za a gina kasafi a kansu.

Tsaro da kan iyaka

Rashin tsaro ma na cin kuɗin shigar jiha ta fuska biyu: yana rage abin da ake tarawa, yana kuma ƙara abin da ake kashewa.

Rikicin Boko Haram ya tsayar da cinikin kifi da shanu da tattasai a yankin tafkin Chadi na tsawon shekaru. A watan Satumbar 2021 jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya domin yaƙi da 'yan bindiga, wasu jihohin maƙwabta kuma suka ɗauki matakai makamantan haka.

Rufe iyakokin ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sun gurgunta harkoki a garuruwa kamar Jibiya da Illela da Maigatari, da takwarorinsu na Maraɗi da Birnin Ƙonni.

Taƙaddama kan VAT

An fara karɓar harajin VAT a Nijeriya a watan Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin 100, inda ya maye gurbin harajin sayarwa da jihohi ke karɓa. An ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a watan Fabrairun 2020.

Wannan haraji ya fi kuɗin mai tabbas, domin mutane ba sa daina saye da kiran waya ko da tattalin arziki ya yi sanyi, kuma idan farashin kaya ya tashi shi ma yakan tashi. Abin da aka tara ya ƙaru daga kimanin naira tiriliyan 3.6 a 2023 zuwa sama da tiriliyan 6 a 2024.

Shekaru da dama ana raba shi ne da kashi 15 ga tarayya, 50 ga jihohi, 35 ga ƙananan hukumomi.

A watan Agustan 2021 wata babbar kotun tarayya a Fatakwal ta yanke hukuncin cewa jihar Ribas ce ke da ikon karɓar VAT a cikinta. Ribas da Legas suka yi nasu dokokin, amma kotun ɗaukaka ƙara ta ba da umarnin a bar abubuwa yadda suke.

Jihohin Kudu masu manyan kamfanoni sun ce suna tara mai yawa suna karɓar kaɗan. Jihohin Arewa kuma suka ce kamfanoni na biyan harajin ne a inda hedikwatarsu take, ko da a Kano ko Maiduguri aka sayi kayan, sannan kayan abincin da Arewa ke nomawa ba a ɗora musu VAT.

Kuɗi sun ƙaru, daraja ta ragu

A ranar 29 ga watan Mayun 2023 shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, a watan Yuni kuma aka bar kasuwa ta tsayar da darajar naira. Dala ɗaya da ke kan kusan naira 460 a farashin hukuma ta kai kusan naira 1,500 a 2024.

Da yake da dala ake sayar da mai, abin da ke shiga asusun tarayya ya kumbura idan aka juya shi zuwa naira. Jimillar abin da aka raba ya tashi daga kusan naira tiriliyan 10 a 2023 zuwa sama da tiriliyan 15 a 2024.

Amma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024, kuɗin siminti da ƙarfe da magani suka tashi. Mafi ƙarancin albashi, wanda yake naira 18,000 a 2011 da 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a watan Yulin 2024.

Jihohin da suka ci bashin waje kuma sun ga nauyinsa ya ninka kusan sau uku a naira. A watan Maris na 2024 gwamnan Kaduna, Sanata Uba Sani, ya ce an cire naira biliyan 7 daga cikin biliyan 10 na kason jihar a wannan wata domin biyan bashi.

A watan Yulin 2024 kuma kotun ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura kason ƙananan hukumomi kai tsaye zuwa asusunsu, maimakon asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke kula da shi.

Sababbin dokokin haraji

A watan Oktobar 2024 gwamnatin tarayya ta gabatar wa majalisar dokoki ƙudurori huɗu na gyaran haraji. Ƙungiyar gwamnonin Arewa ta yi watsi da shawarar raba kashi 60 cikin 100 na VAT bisa inda aka samo shi, tana cewa hakan zai cutar da yankin.

Bayan tattaunawa an cimma matsaya, shugaban ƙasa ya sa hannu a watan Yunin 2025, manyan tanade-tanaden kuma suka fara aiki a watan Janairun 2026.

A ƙarƙashinsu VAT ya tsaya a kan kashi 7.5. Kason tarayya ya ragu zuwa kashi 10, na jihohi ya ƙaru zuwa 55, na ƙananan hukumomi ya tsaya a 35. A tsakanin jihohi ana raba rabi daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 kuma bisa inda aka yi amfani da kayan.

Dokar ta kuma yafe haraji a kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara, ta ɗaga ma'aunin masu manyan kuɗi zuwa kashi 25 cikin 100.

Wannan sauƙi ne ga ƙananan ma'aikata. Sai dai jihar da yawancin masu biyan harajinta ƙananan ma'aikata ne za ta ga giɓi a wannan fanni, yayin da jihar da ke da masu manyan albashi za ta iya samun ƙari.

Misali daga Amurka

Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. Jihar Alaska ta Amurka ta soke harajin kuɗin shigar mutane a 1980 saboda arzikin mai, ba ta kuma da harajin sayarwa na jiha. Da farashin mai ya faɗi a 2014 ta shiga giɓin biliyoyin daloli.

Daga cikin abubuwan da suka cece ta akwai asusun ajiya da ta kafa tun 1976, wanda tsarin mulkinta ya wajabta a zuba masa aƙalla kashi 25 cikin 100 na kuɗin haƙƙin ma'adinai. Daga 2018 ta fara amfani da ribarsa wajen gudanar da gwamnati.

Jihar Kalifoniya kuwa ta dogara ne da harajin attajirai da ribar hannayen jari, wanda ke bin hawa da saukar kasuwar hannun jari. A 2009 ta kai ga biyan wasu masu bin ta kuɗi da takardun alkawari, a 2014 kuma masu zaɓe suka amince da ƙarfafa asusun ajiyarta.

Abin da ke kawo daidaito

Masana harkokin kuɗin gwamnati kan jera hanyoyin samun kuɗi bisa tabbacinsu. Kuɗin ma'adinai ne suka fi rawa, sai harajin riba da na manyan masu kuɗi. Harajin saye da sayarwa na tsakiya, harajin filaye da gidaje kuma shi ya fi tsayawa, domin gida ba ya ƙaura kuma darajarsa ba ta rushewa cikin wata guda.

Wannan na ƙarshe shi ne jihohin Nijeriya suka fi bari a baya, saboda filaye da gidaje da yawa a birane ba su da takardu a rajista.

Jihar da kuɗinta ke fitowa daga hanyoyi dabam-dabam, take gina kasafinta a kan farashin mai mai sassauci, take ajiye rara a shekarun wadata, take kuma taka-tsantsan da bashin dala, ita ce ta fi jure wa girgiza.

Akwai kuma batun yarda. Ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sayi janareta, ya kuma biya 'yan sintiri daga aljihunsa, da wuya ya ga dalilin biyan haraji da son ransa.

Shi ya sa shirin da Bankin Duniya ya fara da jihohi a 2018 ya ɗaura tallafinsa kan wallafa kasafin kuɗi da rahoton binciken asusu a bainar jama'a, domin mai biyan haraji ya ga inda kuɗinsa suka tafi.